Staj a Damagaram ko a Yamai? Maganar gidan gwaggo ta tayar da muhawara

Nana Hadiza:
Assalamu alaikum ƴan zaure, manya da ƙanana. Shawara nake nema. Ina shekara ta uku a fannin shari'a a Jami'ar Abdu Mumuni, kuma ina da hutun wata biyu da nake so in yi staj, wato zaman koyon aiki, a ciki. Wani malaminmu ya samo mini gurbi a ofishin wani lauya a Yamai, inda ake aikin kamfanoni da bankuna. Na yi masa godiya, amma har yau ban ba shi amsa ba, don hankalina yana gida.

Ga abin da ya riƙe ni. Bara mijin gwaggona ya rasu a nan Damagaram. Ko sadakar arba'in ba a yi ba ƙannensa suka fara zancen sayar da gidan. Shekara 22 tana ciki, kuma ɗakuna biyu na siminti da ke gidan da kuɗin adashinta da na ƙosai aka tayar da su, unguwa duk ta sani. Da na zo hutu ta kama hannuna ta ce, "Ke da kike karatun shari'a, faɗa mini inda zan nufa." Wallahi dokokin kamfanoni na OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a ƙasashen Afirka, suna kaina, amma ban san ƙofar da zan kai ta ba. Abin ya hana ni barci kwana da kwanaki.

To tambayata: akwai inda ɗalibi zai yi staj a Damagaram a kan maganar gidaje da haƙƙin mata, ya koyi abin kirki? Ko in koma Yamai?

Maman Sani:
Wa alaikumus salam. Nana, koma Yamai, kada ki yi wasa da wannan gurbi. Kin san tsarin zama lauya na 2014 na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa: sai kana da masta ta biyu, ka ci jarrabawar shiga aikin lauya, sannan ka yi shekara uku ƙarƙashin wani lauya. Wa zai ɗauke ki a lokacin in bai taɓa ganin fuskarki ba? Kusan duk lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke zaune, kilomita wajen 900 daga nan. Maganar gwaggo a kai ta wurin mai unguwa ko fada a sasanta. Tausayi daban, neman abin yi daban.

Tanti Zara:
Maman Sani ɗana, akwai gaskiya a maganarka, amma ka tsallake babban abu. Na yi shekara 29 a giref, wato ofishin magatakardan kotu, kafin in yi ritaya, kuma ƴan staj da suka wuce ta hannuna ba su da iyaka. Damagaram ba ƙaramin gari ba ne a sha'anin shari'a. Muna da babbar kotu, muna da kotun ɗaukaka ƙara, wadda shekaru da dama daga ita sai ta Yamai a ƙasar nan duka. Yaron da ya zauna wata biyu a nan da idonsa buɗe zai ga abin da littafi bai gaya masa ba.

Dokar tsarin kotuna ta 2004, da wadda ta gaje ta a 2018, duk abu ɗaya suka ce: a sha'anin aure, saki, gado, da filayen da ba su da rajista, al'adar masu shari'ar ake bi, muddin ba ta ci karo da yarjejeniyoyin da ƙasa ta amince da su ko da dokokin ƙasa ba. Shi ya sa alƙali ke zama da muhutai, masana al'ada da addini, suna ba shi haske. To ku a jami'a awa nawa ake koya muku wannan? Alhali shi ne abincin kotunanmu na kullum.

Nana, bari in gaya miki inda mata irin gwaggonki ke rasa gida. Ba ranar shari'a ba ne. Tun ranar taron dangi ne. In mutum ya rasu, a ciro takardar mutuwa, sai dangi su zauna su naɗa wakili, a kai kotu a rubuta. Ita matar a lokacin tana cikin takaba, tana ƙuryar ɗaki, ba ta san ma an zauna ba. Sai a naɗa ƙanin miji. Daga ranar takardun gida, da na fansho in akwai, duk sun koma aljihunsa. In ta fito takaba bayan wata huɗu da kwana goma, ta tarar an gama. Na ga wannan sau ba adadi, kuma kusan duk wadda ta zo tana kuka a gabana ba ta san tana da ikon cewa ba ta yarda da wakilin ba.

Nana Hadiza:
Tanti, kamar kuna wurin. Haka aka yi, ƙanin mijin ne wakili.

Malam Laminu:
Salamu alaikum. Ƴata Nana, amsa mini tambaya uku. Mamacin ya bar ƴaƴa nawa, maza da mata? Iyayensa suna raye? Akwai wata mata ban da gwaggonki?

Nana Hadiza:
Allah ya gafarta Malam, maza biyu mata uku. Babban yana ci-rani a Libiya, sauran ƙanana ne. Iyayensa sun daɗe da rasuwa, kuma ita kaɗai ce matarsa.

Malam Laminu:
To ƙannen nan ba su da ko dala a gidan. Inda akwai ɗa namiji, ƴan'uwan mamaci ba sa gado, wannan ko ƙaramin ɗalibin fara'ili ya sani. A ce gidan ya yi miliyan 8. Matar tana da tumuni, miliyan 1. Sauran miliyan 7 a kasa bakwai: kowane namiji miliyan 2, kowace mace miliyan 1. Duba aya ta 11 da ta 12 a Suratun Nisa'i. Kuma tun kafin a kasa, sai an fitar da abin da ba na mamaci ba. In ta tabbatar da shaidu cewa ɗakunan nan da dukiyarta aka gina su, ba kyauta ta yi masa ba, wannan haƙƙinta ne, ba ya shiga gado. Dukiyar mace tata ce a Musulunci, aure ba ya mayar da ita ta miji.

Sannan a mazhabarmu ta Malikiyya, matar da mijinta ya rasu tana da zaman gidan har ta gama takaba in gidan nasa ne. Wadda aka saka kuwa, aya ta farko a Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita daga ɗakinta tana cikin idda. Yau mutum zai yi saki da sallar isha'i, kafin gari ya waye an ɗora kayanta a amalanke. Wannan ba addini ba ne, son zuciya ne aka yi wa rawani. Na zauna muhuti shekaru, kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne in ga ɗalibin shari'a na boko bai san wannan ba, almajirinmu kuma bai san yadda ake shigar da ƙara ba. Kowa riƙe da rabin tsani.

Baraka:
Gaisuwa ga iyayenmu. Ni a Jami'ar Tawa nake, shekara ta biyu. Ina so a taɓo abin da ba a faɗa: staj na masu hali ne. Bara na yi wata ɗaya a wani ofishi a nan Damagaram, ba zan kama suna ba. Ko kuɗin kabu-kabu ba a ba ni, daga Garin Malam nake zuwa, kullum sai na kashe dala ɗari zuwa da dawowa. Aikina kuwa ɗauko dosiye, kai takarda a yi kwafi, sayo ruwan sanyi. Ranar ƙarshe aka buga mini hatimi a takardar shaida, shi ke nan. Mahaifiyata da kuɗin ƙuli-ƙuli ta riƙe ni. Wadda za ta tafi Yamai kuma sai ta sami gidan sauka. Shi ya sa ƴaƴan talakawa, waɗanda su ne suka san zafin haya da korar zawarawa tun suna goye, su ne ba sa samun shiga wannan aiki.

Maman Sani:
Baraka ta faɗi abin da nake nufi. Staj ɗin cikin gari ɗauko dosiye ne.

Baraka:
A'a yaya, ba haka na ce ba. Na ce a gyara shi. A Yamai ma wasu shayi suke dafawa.

Ibro:
Ni ba ɗan shari'a ba ne, aikin awon filaye nake yi, wani abokina ya saka ni a zauren. Amma in za ku yi maganar gidaje, ku zo wurinmu ku ga tushen rigimar. Takardu hawa-hawa ne. Akwai ƴar takardar ciniki da ake yi gaban shaidu da mai unguwa. Akwai takardar mallaka ta gargajiya. Akwai akt da sesiyo, wato takardar ba da fili, da ake samu daga ma'aikatar magajin gari in an yanka lotisma, wato an raba wuri fili-fili don gini. Can sama akwai titir fonsiye, wato takardar cikakkiyar mallaka, wanda shi ne ba a ja da shi, har gwamnati ta fito da mai sauƙin kuɗi a 2006 ta sa masa suna Sheda. Ku shiga Birni ko Zango ku tambaya gida-gida, da yawa gidan kakanni ne, gado kan gado, ba a taɓa rabawa ba, ba takarda ko ɗaya, ko kuma takardar tana da sunan wanda ya rasu tun zamanin Kunce.

Abin da na fi lura da shi a aikina: mace za ta tara kuɗinta ta sayi fili, amma ranar rubuta suna sai ta turo mijinta ko wanta, wai kunya, wai kada a ce ta fi ƙarfin miji. Sai a sa sunansa. Shekara goma ba komai. Ranar da aka yi saki ko mutuwa, takarda ba ta san kunya ba, sunan da ke kanta shi ne mai fili. Haka in gari ya ci gonakin gefe aka yanka lotisma, filayen diyya da ake ba masu gona sunan babban namijin gida ake sawa, ƴan'uwansa mata sai dai a ba su ɗan abin sabulu.

Ɗalibin da zai zauna wata biyu yana duba wa mata takardunsu kawai, ya gaya musu wacce suke da ita da wacce ta rage, ya yi aikin da ya fi shari'a goma.

Baraka:
Kuma dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta faɗa ɓaro-ɓaro a sashe na 4 cewa duk ƴan Nijar daidai suke wurin samun albarkatun karkara, ba bambancin namiji da mace. Hukumomin filaye na ƙauyuka da na kwamin suna ba da takardar shaida, mace ma tana iya karɓa da sunanta. A can ma ana iya yin staj, wajen Mirya ko Matamaye, in da abin hawa.

Abdurrazak:
Ku yi haƙuri zan faɗi abin da wasu ke ɓoyewa. Duk wannan zancen "haƙƙin mata" da "jinsi" mun san inda ya fito. Ƙungiyoyin waje ne ke zuba kuɗi, su ɗauki ƴaƴanmu mata da sunan staj, su juya musu kai, su dawo suna jayayya da iyayensu da mazajensu. Da an so a shigo mana da dokar iyali, malamai suka tsaya, aka fasa. Yanzu ta taga ake so a shigo. Nana, ki yi karatunki, ki bar wannan hanya.

Mariyama:
Malam Abdurrazak, ina aiki da wata ƙungiyar mata a nan garin shekara shida, bari in amsa maka da abin da na sani. Gaskiya ne dokar iyali ba ta wuce ba, an gwada a farkon shekarun 1990, an sake gwadawa a 2011, duk ta tsaya. Gaskiya ne majalisa ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo, ta Tarayyar Afirka a kan haƙƙin mata, a 2006. Ita ma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana nuna wa mata bambanci, da Nijar ta shiga a 1999, sai da ta ware wasu sassan da suka shafi aure da iyali ta ce ba ta ɗauke su ba. Wannan muhawara ce mai zaman kanta, ina da ra'ayina a kai, kana da naka.

Amma ka duba abin da ke gabanmu. Wace doka ta waje aka ambata a maganar gwaggon Nana? Malam Laminu aya ya kawo. Matan da ke zuwa ofishinmu ba su taɓa jin sunan Maputo ba. Wata an sake ta da ƴaƴa huɗu ba ko tiya ɗaya ta hatsi. Wata an karɓe mata ɗa yana shekara bakwai an ce al'ada ce. Wata gonar ubanta ƴan'uwa maza suka riƙe shekara ashirin suna cewa mace ba ta gadon ƙasa. Wane Bature ne ya zo ya yi musu wannan? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ba ma son na waje su zo, mu toshe tsagar da kanmu.

Abdurrazak:
Ban ce a ci haƙƙin marayu ba. Na ce a bar wa malamai da sarakuna, su suka san mutane.

Malam Laminu:
Abdurrazak, ni malamin ne, kuma ina gaya maka muna bukatar yaran nan. In an yi sulhu a gaban mai unguwa ko a fada, doka ta ba sarakuna ikon sasantawa, amma sai an rubuta takardar sulhu kowa ya sa hannu. Sau nawa ake tashi da fatiha kawai, bayan shekara biyu wani ya ce shi bai ji haka ba? Yaron da ya iya rubutu ya zauna gefe ya rubuta daidai, ya karanta wa matar da Hausa kafin ta dangwala, ai ya taimaki sarki, ya taimaki malam. Maganar riƙon ɗa ma da Mariyama ta kawo, a Malikiyya uwa ce ke da reno har namiji ya balaga, mace kuma har ta tare gidan miji, in dai uwar ba ta yi wani aure ba. Shekara bakwai ɗin nan al'ada ce. Mu daina jingina wa addini abin da bai ce ba.

Abdurrazak:
Na ji, Allah ya gafarta Malam. Amma dai a san wa ke biyan kuɗin, kuma me yake so.

Mariyama:
Wannan tambaya ce mai kyau, ni ma ina yin ta. Kuma yanzu kuɗin waje ya ja baya sosai tun 2023, ayyuka da yawa sun tsaya. Matan kuwa ba su daina zuwa ba.

Metir Habu:
Na karanta duka daga Yamai. Ɗan Zango ne ni, shekara 14 ina aikin lauya. Zan ɗan ja birki, don na ga zumuɗi ya fara yawa.

Nana, mai staj ba lauya ba ne. Ba za ki tsaya wa kowa a kotu ba, ba za ki ce wa mace "za ki ci shari'a" ba, ba za ki karɓi ko dala a hannun kowa ba. Kuskure ɗaya na kwanan wata, a ce kin gaya wa mace tana da sauran lokacin ɗaukaka ƙara alhali ya wuce, kin kashe mata gida da hannunki. Saboda haka duk inda za ki je, sai akwai babba da zai duba abin da kika rubuta kafin ya fita. Ki sa jami'a ta ba ki takardar neman staj, a yi yarjejeniya a rubuce: wa ke kula da ke, me za ki yi, kwana nawa. Abin da ya sami Baraka rashin wannan ne. Sai sirri. Damagaram kowa ɗan'uwan kowa ne. Dosiyen da kika buɗe da safe wataƙila na maƙwabciyar innarku ne. Ba hoto da salula, ba labari a gida, ba labari a zauren nan. Maganar gwaggonki ma ta isa haka, kada ki ƙara bayanin da za a gane gidan.

Inda za ki nema: giref na babbar kotu, da ofishin hukumar ANAJJ. Dokar 14 ga Disamba 2011 ce ta kafa ta don talaka ya sami bayanin doka kyauta da mai tsaya masa, kuma tana da ofisoshi a manyan kotuna. Cikin waɗanda dokar ta ba taimako kai tsaye akwai yara, da matan da aka ci zarafinsu, da matan da ke neman kuɗin ciyarwa, ko rabon gado, ko riƙon ƴaƴa. Gwaggonki tana ciki, ita ce ba ta sani ba. Akwai kuma ƙungiyar mata masana shari'a ta AFJN da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH, sun daɗe suna wayar da kai a kan doka, ki tambayi wakilansu.

Maman Sani kuma bai yi ƙarya ba. In kina son rigar lauya, wata rana sai kin zauna a ofishin lauya. Amma shari'ar da aka fi sanin Nijar da ita a duniya ba ta banki ba ce. Ta Hadijatu Mani ce, wadda aka sayar tana yarinya, kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, ta yanke hukunci ranar 27 ga Oktoba 2008 cewa ƙasa ba ta kare ta daga bauta ba, aka ba ta diyyar miliyan 10. Kafin manyan lauyoyi su shigo, mutanen ƙungiyar Timidriya mai yaƙi da bauta ne suka zauna da ita suka saurare ta. Yanzu da muka fita CEDEAO a Janairun 2025, nauyin ya ƙara dawowa kan kotunanmu na gida.

Alhaji Ilu:
Ni mai gidajen haya ne, uku nake da su a Sabon Gari. Na ga ana ta zancen mata, to a ji namu. Damanar 2024 kowa ya ga abin da ya faru, har tsohon masallacin Birni na ƙasa, wanda ya haura shekara ɗari da hamsin, ya faɗi ranar 3 ga Satumba. Gidana ɗaya katanga ta zube, ɗakuna biyu suka tsage. Ƴan haya wata biyar ba su biya ba, ban kore su ba, da aljihuna na gyara. In ɗalibanku za su zo, kada su zo da tunanin duk mai gida azzalumi ne.

Mariyama:
Alhaji, Allah ya saka da alheri, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Amma a waccan damanar ta 2024 na ga matan da aka ce su fita a gyara ɗaki, da aka gama gyara aka ƙara jika biyar aka ba wani. Wasu a azuzuwan lakwal suka zauna, har gwamnati ta ɗaga komawa karatu zuwa 28 ga Oktoba. Da lokacin ya yi suka fita, ba su da inda za su. Kuma zan tambaye ka tsakani da Allah: bazawara ta zo da ƴaƴanta da kuɗin wata uku a hannu, za ka ba ta ɗaki?

Alhaji Ilu:
Gaskiya sai ta zo da wani namiji nata ya tsaya mata. Ba don ƙi ba, maƙwabta ne ke magana.

Mariyama:
To ka gani. Wadda ba ta da wa, ba ta da uba, ina za ta kwana? Wannan shi ne wurin da maganar gida da maganar mata suka zama abu ɗaya.

Alhaji Ilu:
Zan yi tunani a kai. Amma ku ma ku kawo mana takardar haya mai sauƙi da Hausa, wadda za ta kare ni ta kare ta. Duk hayar da nake bayarwa da baki ce.

Metir Habu:
Alhaji ya ba ku aikin staj a kyauta. Akwai dokar haya ta 18 ga Afrilu 1996, akwai dokar 1998 ta manufar ƙasa a kan gidaje, amma masu haya nawa suka taɓa jin su? Mutane da yawa ba su san cewa mai gida ba shi da ikon cire ƙofa ko watso kaya waje da kansa ba, sai da hukuncin kotu. Tunda kundin tsarin mulkin riƙon ƙwarya da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ɗauki Hausa harshen ƙasa, ku da kuka tashi da ita kuna da abin da ɗan Yamai da yawa ba shi da shi. Ku rubuta takardar haya shafi ɗaya da Hausa, boko da ajami: kuɗi nawa, ranar biya, wa ke gyaran rufi da yaɓe, wa ke biyan ruwa da wuta, wata nawa za a ba mutum kafin ya tashi. Ku turo mini in duba. Fassara doka da Hausa ba wasa ba ne, nan za ku gane ko kun fahimce ta.

Maman Sani:
Metir, in kai za ka duba, ni ma ina ciki. Amma ina nan kan bakana, Nana kada ta saki gurbin Yamai. Ta roƙi malamin a ɗaga mata zuwa hutun baɗi.

Baraka:
Maganar kuɗin kabu-kabu fa? Kada a wuce ta.

Tanti Zara:
Ba a wuce ta ba, ƴata. Gidana ba nisa da kotu, ƴan mata biyu za su iya cin abincin rana a wurina. Manyan zauren nan da ke aiki, kowa ya kawo jika biyu a wata, ya isa kuɗin hawan yara huɗu ko biyar. Ni zan fara. Amma da sharaɗi: kowa zai riƙe littafi, kullum ya rubuta abin da ya gani ba tare da sunan kowa ba, ranar Asabar mu zauna in duba. Kuma sati na farko ba mai buɗe baki. Ku zauna a benci tare da matan da ke jiran a kira su, ku ji yadda suke ba da labari. Mace za ta fara daga ranar da aka kai ta ɗaki, sai ta yi rabin awa kafin ta iso kan gidan. In ka katse ta, abin da shari'ar ke bukata yana cikin wanda ka katse.

Metir Habu:
Jika goma daga wurina duk wata.

Alhaji Ilu:
A rubuta ni jika biyar.

Abdurrazak:
In dai Malam Laminu zai riƙa zama da su ranar Asabar ɗin, ƙanwata tana shekara ta farko, zan turo ta.

Malam Laminu:
Zan zo in sha Allahu, bayan la'asar. Za mu fara da lissafin gado, kowa ya zo da alƙalami.

Nana Hadiza:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Na kira malamin namu yanzu, ya ce zai yi magana da lauyan a kan baɗi, bai yi alkawari ba. Na yanke zan tsaya gida bana. Gobe zan rubuta takardar nema zuwa kotu da ofishin ANAJJ. Baraka, ki turo mini saƙo ta gefe mu rubuta tare.

Tanti, saura maganar gwaggo. Me za ta fara yi?

Tanti Zara:
Kada ta bar gidan, kada ta dangwala hannu a kowace takarda. Ki nemo kwafin takardar taron dangin a giref, da takardar aurensu in akwai, da takardun haihuwar yaran duka biyar. A kira babban ɗan a Libiya ya san abin da ake ciki, shi ma magaji ne. Sannan shaidun ginin. Maginin da ya yi ɗakunan yana raye?

Nana Hadiza:
Yana raye, ya tsufa amma hankalinsa garau. Uwar adashin ma tana nan, gwaggo ta ce har yanzu tana da tsohon littafinta.

Tanti Zara:
Madalla. Ki je wurinta yau, kada ki bari sai gobe, ki roƙe ta ta adana littafin nan kada ta ba kowa. Litinin da ƙarfe takwas ki zo da gwaggon gidana, mu tafi tare.